Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma duk wanda ya ji wannan magana hankalinsa kan tafi ga ɗan Adam da yadda yake cin arzikin wanda ya fi shi. Mu yau kaskon kansa muke so mu leƙa. A shiga kowane gida a Madawa, ko Buza, ko Keita, a nemi inda ake zuba wa kaji ruwa, sannan a koma gefe a zauna awa guda ana kallo. Kaza za ta zo ta sha, zabuwa ta zo, tantabara ta sauko daga kan soro, agwagwa ta shiga da ƙafafunta biyu ta dama, ƙadangare ya biyo baya kamar yadda karin maganar ta faɗa, kurciya ta faki ido ita ma ta kurɓa, da dare kuma ɓera ya karɓi aiki. Ba wani wuri a cikin gida da bakuna masu yawa haka suke haɗuwa kowace rana, kuma ba wani kwano da ake daɗewa ba a wanke ba kamar wannan.

Tsuntsayen nan kuwa dukiya ce, ko da ba a rubuta ta a littafin banki. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ba su manta ba da lokacin da albashi yake yin wata da watanni bai zo ba, ga shi kuma darajar sefa ta karye a watan Janairu na 1994. A gidaje da yawa zakara da zabbin uwargida su ne suka sayi magani, suka sayi littattafan ƴan lakkal, suka fid da maigida kunyar baƙo. Har yau a karkara haka abin yake: mace ba ta taɓa akuyarta sai babbar lalura ta zo, amma kaza ita ce ƙaramin kuɗin da ake kamawa ranar kasuwa. Ɗan kasuwa kuma ya san abin da kwandon zabbi yake kawowa idan ya isa Ƙonni ko Yamai da ransu. Saboda haka abin mamaki ne a ga mutum ya yi akurki mai kyau, ya sayi dusa, ya sayi magani a tebur, amma bai taɓa sunkuyawa ya duba abin da tsuntsayen suke sha ba.

Abin da suke sha, in za a faɗi gaskiya, sauran ruwa ne. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishirin miya da kanwa, ruwan wanki mai kumfar omo, ruwan da ya biyo rariyar wurin wanka ya taru a kwatami bayan katanga. A wasu gidajen ma ba kasko ko ɗaya, an bar kaji su nemi na kansu kamar yadda suke neman tsaba, wai ai kaza ba ta rasa abin sha. Babbar kaza tana iya jure wannan zuwa wani lokaci. Ɗan tsako ba ya iyawa, domin gishiri kaɗan yana sa shi zawo, ya kumbura, ya mutu, uwargida kuma ta ce iska ce ta buge shi.

Ba za mu ɗora wa mata laifin ƙyuya ba, domin wanda ya san Adar ya san tsadar ruwa a cikinta. Ƙasa ce ta duwatsu da tuddai, damina gajera ce, kuma a ƙauyukan kan tudu na Buza da Keita rijiya tana da zurfin da sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiya. A watan Afrilu da Mayu mace tana iya ɓata rabin yini a bakin rijiya kafin ta cika bido biyu. Wadda ta sha wannan wahala, idan aka ce ta ɗebi ruwa mai kyau daga randa ta zuba wa agwagwa ta yi wasa da shi, dole ta ga an raina ta. A cikin gari ma, inda akwai famfo, kowane bido da ɗan ga-ruwa ya sauke kuɗi ne. To, sai mu yi lissafi, tunda masu karatunmu mutanen lissafi ne.

Babbar kaza tana shan misalin rubu'in lita a yini idan gari da sanyi, wato kusan ninki biyu na nauyin abincin da take ci. Da bazara abin yana ninkawa, har ya wuce. Gidan da yake da tsuntsaye 20, kaji da zabbi a haɗe, yana bukatar lita 5 a lokacin ɗari, lita 10 a lokacin zafi. Ke nan bido ɗaya mai lita 20 yana isar su kwana biyu a tsakiyar bazara, kwana huɗu da hunturu. Kowa ya san nawa ake sayar da bido a garinsu, ya kuma san nawa ake sayar da zabuwa ɗaya ana gobe salla. Ya auna kuɗin ruwan wata guda da kuɗin zabuwar nan ɗaya tak, ya gani ko akwai ciniki a cikin rowar.

Dalilin da ya sa zafi yake da haɗari gare su shi ne kaza ba ta yin gumi. Zafin jikinta yana kusa da digiri 41, kuma a Madawa da rana tsaka a watan Mayu iskar da take shaƙa tana kai haka, wani lokaci ta wuce. Ba ta da wata dabara sai ta buɗe baki ta yi ta haki, ta saki fukafukai, kowane numfashi kuma yana fita da ruwan jikinta. Idan kasko yana cikin rana, ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka, sai ta kurɓa kaɗan ta bari, alhali tana cikin ƙishirwa. Wadda ta rage sha tana rage ci. Mai ƙwai kuma ita ce ta farko da abin yake nunawa a kanta, domin kashi uku cikin huɗu na abin da yake cikin ƙwai ruwa ne. Kazar da ta yini guda ba ruwa tana iya yin makonni kafin ƙwanta ya dawo yadda yake. Ma'aikacin da yake kukan kajinsa sun daina ƙwai tun da zafi ya shigo, kafin ya zargi mai sayar da dusa, ya dubi inda inuwa take a tsakar gidansa da ƙarfe biyu na rana, ya dubi inda kasko yake.

Wahalar gidan da ya haɗa tsuntsaye iri-iri ita ce kowannensu da yadda yake shan ruwa. Kaza da zabuwa suna ɗiba da baki su ɗaga kai sama ruwan ya gangara, abin da yara suke cewa godiya take yi wa Allah. Ba su bukatar zurfi. Tantabara tana tsoma baki ta zuƙa a jere ba tare da ta ɗaga kai ba, don haka tana son ruwan da zai rufe mata baki. Ita kuwa agwagwa sha da wanka duk ɗaya ne a wurinta. Tilas ne ta tsoma kanta gaba ɗaya domin ta wanke hanci da idanu, in ba haka ba su toshe su yi ciwo. Tana cika baki da dusa ko laka ta kai cikin ruwa ta kurkure, in kaskon ya ɗauke ta ta shiga ciki, ta yi kashi a ciki, ta fito. Ruwan da aka zuba garau da safe, kafin a gama karin kumallo ya koma kunu.

Ba hali ne da za a raba ta da shi ba, haka aka halicce ta. Abin yi shi ne a raba mata wuri. A ba agwagi nasu mazubi mai zurfi a can wani lungu, nesa da akurkin kaji, bokiti ko bido da aka yanke wa taga a gefe daidai yadda kai da wuya za su shiga amma jiki ba zai shiga ba. Na kaji da zabbi kuma a ɗora shi kan bulo ko dutse, daidai tsayin bayan kaza, a kuma gicciya masa sanduna ko waya a bisa yadda agwagwa ba za ta sami wurin zama ba. Ruwan da aka kwashe daga wurin kaji da yamma ba asara ba ne, a kai shi gindin bishiyar zogale ko dogon yaro da take tsakar gida. Amma kada a juye shi a mazubin agwagi, kada kuma a juye na agwagi a na kaji da sunan tattali.

Inda aka fi yin asara a ɓoye shi ne wajen ƴan zabbi. Zabuwa da damina take ƙwai, mutanenmu kuma kan sa wa kaza ƙwan ta kwanta a kai, domin ta fi zabuwa haƙuri da reno. Ranar da aka ƙyanƙyashe ashirin ana murna, bayan wata guda sai a ƙirga biyar ko shida, a ce ai zabo ba ya rayuwa. Alhali da yawa daga cikinsu ruwa ne ya kashe su, ta hanya biyu. Wasu suna faɗawa cikin kasko mai zurfi su kasa fita. Wasu kuma ba su nutse ba, amma sun jiƙe, kuma ɗan zabo da ya jiƙe da sanyin safiyar damina da wuya ya kai yamma. Raɓar ciyawa ma tana yi musu wannan lahani idan uwar ta ja su yawo da asuba. Maganin wannan ba ya cin ko dala: murfin tukunya ko faranti mara zurfi, a cika shi da tsakuwa wankakkiya, a zuba ruwa daidai kan tsakuwar, su sha ta tsakankani ba tare da ƙirjinsu ya taɓa ruwa ba. Wanda yake so ya ƙara gyara ya sami gwangwanin madara ko na tumatir, ya huda ƙaramin rami kusa da bakinsa, ya cika shi da ruwa, ya rufe da faranti ya kifa. Ruwan zai riƙa fitowa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ake sha. Wannan shi ne abin da ake sayarwa na roba a kantin magungunan dabbobi, ba wani sirri a ciki.

Masu tantabaru su ma suna da tasu. Akwai wata cuta da take fito musu a maƙogwaro, wani abu rawaya kamar cuku, ta hana ƴan shila haɗiya har su rame su mutu. Ƙwayarta tana zaune a bakin manyan tantabaru da kurciyoyin daji, kuma ruwan sha shi ne babbar hanyar da take bi daga wannan baki zuwa wancan. Ba ta jure bushewa ko kaɗan. Mazubin da ake zubar da ruwansa kullum a shanya shi a rana ya riga ya yanke mata hanya.

Yanzu mu zo ga manyan annoba. Kowace shekara, idan iskar hunturu ta taso, sai a ji gari kaza kaji sun ƙare. Su yi jugum, su riƙa numfashi da ƙyar, kashinsu ya koma tsanwa, wasu wuya ya murɗe. Wannan ita ce cutar da likitocin dabbobi suke kira Niyukasil, da sunan wani birni na Ingila. An fara gane ta a shekarar 1926. Tana fita ta kashi da majina da yawun wadda ta kamu. Abin lura a nan shi ne tsuntsu mara lafiya yana barin ci tun da wuri, amma ba ya barin sha. Za a gan shi ya rakuɓe a gefen kasko, yana tsoma baki, majina tana zuba ciki, masu lafiya kuma suna zuwa suna sha a bayansa. Agwagwa tana iya ɗaukar ƙwayar cutar ba tare da ta nuna wata alama ba, tana yawonta tana wanke hanci a ruwan kowa. Ruwa mai tsabta ba ya maye gurbin rigakafi, kada wani ya fahimce mu a haka. Niyukasil tana bin iska, tana bin takalmi, tana bin kwando. Amma a gidan da aka ware mara lafiya da nasa ruwan tun ranar farko, akan sami abin da ya tsira.

Murar tsuntsaye kuwa ruwa ne gidanta. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da nau'inta mai tsanani, H5N1, a wata gonar kaji a Jaji cikin jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Watan bai ƙare ba sai da aka tabbatar da ita a ƙasarmu, a Magariya cikin jihar Damagaram, kuma a jikin agwagin gida aka same ta, bayan an aika da samfuri wani ɗakin bincike a Italiya. Ta sake ɓulla a Maradi a 2015, sannan a ƙarshen 2022 ta shigo jiharmu ta Tawa, inda dubban tsuntsayen karkara suka mutu, sauran kuma aka hallaka su don kada ta bazu. Ƙwayar wannan cuta tana zaune a hanjin tsuntsayen ruwa na daji, tana fita da kashinsu, tana kuma iya yin kwanaki da rai a cikin ruwa, musamman idan da sanyi. Takan kama mutum ma, ko da yake ba kasafai ba, kuma idan ta kama tana kisa.

Wannan ya shafe mu fiye da da. Tun da aka soma babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin gwamnatin Italiya da jagorancin hukumar FAO, matan yankin suka ɗauki duwatsu a ka aka yi shingaye da madatsun ruwa a kwaruruwa, ruwan da a da yake wucewa cikin kwana ɗaya ya koma yana zama har cikin rani. Alheri ne babba, kuma ba mai musun haka. Sai dai inda ruwa ya zauna, kirinjijiya da ɗinya da balbela suna sauka, haka ma baƙin tsuntsayen da suke ƙetaro hamada daga Turai da hunturu, irin waɗanda ake gani a tafkin Tabalak. Agwagin ƙauyen da yake bakin madatsa suna yini tare da su, da yamma su dawo gida su wanke baki a kaskon kaji. Wanda gidansa yake kusa da irin wannan ruwa, a Ibohaman ne ko a kwarin Maggiya, ya tsare agwaginsa a gida daga shigowar sanyi har zuwa bazara, kada kuma ya ɗebo ruwan tafki ya ba kaji yadda yake. Kaskon kuma a sa shi ƙarƙashin rumfa, ba gindin bishiyar da tsuntsaye suke kwana a kai ba.

Ƴan kasuwa, ga taku. A Tunfafi, ko Tamaske, ko Sabon Gida, dillali yana tara tsuntsaye daga ƙauyuka goma, ya ɗaure su a rana tun hantsi, sannan don tausayi ya ɗauko gwangwani ɗaya ya bi su da shi baki-baki. Tausayin yana da kyau, domin zabuwar da ta yini ba ruwa ba ta kai Yamai a kan mota, wadda ta kai ma ta rage nauyi. Amma gwangwani ɗaya ga kwanduna goma yana nufin idan akwai mai cuta ɗaya a ciki, an raba wa kowa. Kowane kwando da nasa gwangwani, a ɗaure a jikinsa; tsofaffin gwangwanaye ba su ƙare a kasuwa ba. Mafi muni kuma shi ne kwantai, wato waɗanda ba a sayar ba aka dawo da su gida da dare aka sake su cikin na gida. Duk tsuntsun da ya je kasuwa ya dawo, da wanda aka sayo sabo, da wanda suruki ya kawo kyauta, a ware shi mako biyu da nasa ruwa da nasa abinci kafin ya haɗu da sauran. Mun san ware kyautar suruki yana da nauyi, amma ba sai an gaya masa ba.

Game da mazubin kansa, kaskon yumɓu na iyayenmu ya fi kwanon ƙarfe, domin yana tsatsafo da ruwa ta jikinsa yana sanyaya na ciki, kamar yadda randa take yi. Aibinsa ɗaya: wannan jikin nasa mai shan ruwa yana riƙe datti. A shafa cikinsa da yatsa, za a ji yauƙi ko da ruwan yana da haske, kuma a cikin wannan yauƙi ƙwayoyin cuta suke zama su hayayyafa. Ƙara sabon ruwa a kan tsoho, wanda shi ne abin da yawancin gidaje suke yi, ba ya taɓa shi. Sai an zubar, an dirje da toka da yashi ko da sabulu, an ɗauraye. Dabara mafi sauƙi ita ce a mallaki kasko biyu: yau wannan yana aiki, wancan yana kife a kan danga yana shan rana, gobe a musanya. Ranar Adar ba ta bar wa ƙwayar cuta da yawa ba. A kuma riƙa gusar da wurin lokaci-lokaci, domin ƙasar da take jiƙe kullum a gindin kasko a nan ne ƙwayoyin da suke sa ƴan tsaki kashin jini suke nuna.

Roba tana da sauƙin wanki, tsohuwar taya da aka tsaga biyu kuwa wahalar wanki gare ta, ga tara sauro. Amma akwai mazubi ɗaya da ba a yarda da shi ba ko an wanke shi sau goma. A kwarin Tarka, inda albasa ta zama arzikin jama'a, galan-galan da kwalaben maganin feshi sun yi yawa, kuma muna ganin ana yanke su ana zuba wa kaji ruwa, wasu ma har suna ɗebo ruwan gida da su. Roba tana shan dafin ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Haka nan ruwan da ya kwanta a fadama bayan an yi feshi, ko inda aka wanke injin feshi, agwagwa ba ta san bambancinsa da na sama ba.

Wane ruwa za a zuba? Wanda mutanen gidan suke sha. Idan kai ba za ka iya kurɓarsa ba, to bai dace da su ba. Inda ba a da wani sai na tafki ko na rijiya mai laka, a bar shi ya kwana ya kwanta, ko a taimaka masa da alif ko garin ƙwayar zogale, a tsiyaye na sama, sannan a sa masa maganin tsabtace ruwa. Ƙwayar Aquatabs da aka yi don bido mai lita 20 tana yi wa tsuntsaye aikin da take yi wa mutane, a jira rabin awa kafin a zuba. Ruwan jabel yana da kyau wajen wanke mazubi bayan an yi cuta a gida, amma ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, saboda haka kada a tsiyaya shi cikin ruwan sha da ka; a tambayi malamin kiwo ko na gidan likita. Kuma a sani maganin ba ya aiki a cikin ruwa mai laka ko mai kashi, dattin yana cinye ƙarfinsa.

Rana ɗaya ce tak ba a son wannan magani, ita ce ranar da za a ba da rigakafi ta ruwa. Rigakafin Niyukasil da ake jiƙawa, irin La Sota, ƙwaya ce mai rai da aka raunana, kuma sinadarin da yake cikin ruwan famfo da Aquatabs da jabel yana kashe ta nan take. Ma'aikata da dama sun sayi rigakafi da kuɗinsu, suka jiƙa da ruwan famfo a kwanon ƙarfe a rana, annoba ta zo ta share kajin, suka ce an sayar musu da jabu. A ranar a nemi ruwan rijiya mai kyau, a zuba a roba wadda ba sauran sabulu a jikinta, a ƙara garin madara misalin giram 2 a kowace lita domin ya kare ƙwayar, a hana tsuntsayen ruwa na awa ɗaya ko biyu da sassafe, sannan a ba su su shanye cikin awa biyu. A ganinmu ma, a gidan da yake da tsuntsaye iri-iri wannan hanya ba ta da tabbas, domin zakara zai sha rabon uku, ƙaramar zabuwa mai tsoro ba za ta samu ba, agwagwa kuma ta zubar da saura. Gara a kira mataimakin likitan dabbobi ya bi su ɗaya-ɗaya da ɗigo a ido ko da allura, tun kaka, kafin iskar ɗari ta taso.

Sai kuma abin da muke zubawa da hannunmu da sunan magani. Da kaza ta yi jugum, sai a aiki yaro tebur ya sayo kafso a ɓare a cikin kasko, wani ya ƙara barkono, wani ya jiƙa sassaƙen maɗaci. Kafson nan ba ya yi wa Niyukasil ko murar tsuntsaye komai, domin ba irin ƙwayoyin da yake kashewa ba ne. Abin da yake yi shi ne ya zauna a ƙwai da nama mu ci, ya kuma koya wa sauran ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da yaro zai bukace shi ya ƙi yi masa aiki. Ɗacin maɗaci da zafin magani kuma sukan sa tsuntsun da yake bukatar ruwa fiye da kullum ya ƙi sha. Wanda ya nace sai ya ba da na gargajiya, to ya ajiye wani kaskon na ruwa zalla a gefe.

Duk wannan aiki, a yawancin gidajenmu, a kan mace da yara yake faɗawa, alhali idan dillali ya zo maigida ba ya rasa sanin farashi. Idan ana son ruwa mai kyau ya shiga kasko sau biyu a yini, safe da azahar, to maigida ya ƙara bido ɗaya a cikin lissafinsa da ɗan ga-ruwa, ya ce wannan na tsuntsaye ne, ko kuwa a ƙauye ya ba da jaki ko amalanke ranar ɗibar ruwa. A ɗora wa yaro ɗaya alhakin wankin kasko kafin ya tafi lakkal, a kuma ba shi kaza tasa a ciki, za a ga bambanci. Akwai kuma dalilin da ya wuce kuɗi: jariri mai rarrafe ba abin da yake ja masa hankali a tsakar gida kamar kaskon kaji, yana tsoma hannu yana kai wa baki, kuma ƙwayoyin da suke cikin kashin kaji suna daga cikin masu sa yara zawo. A ɗaga kaskon daga hanyarsa, yaron da ya wanke shi kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kwanon fura.

Idan kuwa aka wayi gari tsuntsaye biyu ko uku sun mutu lokaci guda, wasu kuma sun yi jugum, a kwashe dukkan mazuban ruwa a wanke da jabel, a ware marasa lafiya da nasu, a rufe sauran kada su fita. Kada a yanka masu ciwo a ci, kada a ruga da masu sauran ƙarfi kasuwa kamar yadda aka saba, kada kuma a jefa mushen a kwatami ko bakin tafki inda karnuka da agwagin maƙwabta za su same shi. A haƙa rami mai zurfi a binne. Sannan a sanar da ma'aikatar kiwo ta gunduma a ranar, ta bakin maigari ko kai tsaye, domin su ne suke da hanyar aika samfuri Yamai a gane ko wace cuta ce. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.